Murfin Langar Inna

Tun ranar da muka dawo daga Nijar ban sami sakat a shago ba. Wanda ya kawo ɗinki sai ya tambaya, wanda ya zo karɓa sai ya tambaya, har waɗanda ko hula ba su taɓa ɗinkawa a wurina ba sun koyi hanyar shagon. Wai sun ji ƙishin-ƙishin cewa 'yan ƙungiyarmu sun je ƙasar mutane sun tafka abin kunya. Alhaji Maina, shugabanmu, in an tambaye shi sai ya ce, "An yi taro lafiya, an tashi lafiya," ya ja bakinsa ya tsuke. Ni kuwa na gaji da ba da labari guntu-guntu ina taka keke, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ce, ta mutanen unguwar Yerimaram da ke Potiskum. Akwai 'yan kasuwa, akwai malaman makaranta, akwai masu jan keke napep, akwai irina teloli. Kowace shekara in bazara ta kama, kafin ruwan farko, mukan ware kwana biyu. Ranar farko aikin gayya ne, a yashe kwatoci a gyara maƙabarta. Rana ta biyu a yanka rago, a ci a sha, a yi jawabai. Bara wasu mutanen Nijar da ke kawo shanu kasuwar Potiskum suka tarar da mu cikin kwata, ashe su ma suna da irin wannan ƙungiya a garinsu. Suka tuɓe riguna suka kama mana. Bana sai ga takardarsu, suna gayyatarmu nasu taron. Ba zan kama sunan garin ba, don abin da muka yi a can bai kai a riƙa nuna wurin da yatsa ba.

Ranar da aka karanta takardar, ina jin sunan garin na gane shi, domin a can mahaifina ya rasu. Fataucin shanu yake yi. Ina da shekara tara ya tafi sayayya, zazzaɓi ya kama shi, kwana uku ya cika, aka binne shi a can. Abokin tafiyarsa ne ya dawo mana da jakarsa da sandarsa da 'yan kwanukansa, ya ce an yi masa sutura yadda ya kamata, an kuma sa alama a kabarin. Shi ma abokin ya daɗe da rasuwa. Shekara ashirin da shida ke nan babu wani ɗan gidanmu da ya taka garin. Na sa sunana cikin masu tafiya, ban gaya wa kowa dalili ba sai mahaifiyata.

Da na je sallama, Inna ta zuba min dambun nama a kwano ta ɗaure da tsumma, ta ce in dawo mata da kwanonta. Duk wanda ya san Inna ya san ba wasa take ba. Babu kwano a gidanmu da ba ta sa ƙusa ta buga masa ɗigo uku a baki ba, kuma in an yi biki ya ɓata, har Gadaka takan aika a nemo mata. Sannan ta jawo tsohuwar langar nan mara murfi da ke gefen gadonta, wadda take ajiye carbi da turare, ta ciro carbi ɗaya ta ba ni.

Ta ce, "In Allah ya sa ka sami wurin, ka tsaya ka yi masa addu'a. Ka kuma duba min ko akwai inuwa. Mutum ne da ba ya son rana."

Mu goma sha huɗu muka tashi a bas ɗin haya bayan asuba. A saman mota an ɗaure shebur da manjagara da baro biyu, ga kuma ƙyallen ƙungiya mai ɗauke da sunanmu. Alhaji Maina ya zo da manyan riguna uku da jawabi shafi shida, tun daga hanyar Jakusko yake gwada mana shi. Kusa da ni Bitrus ne zaune, mutumin Gadaka, tsohon ma'aikacin lafiya, shi ke kula da kayan aikin ƙungiya. Kirista ne, amma ba a taɓa gyaran maƙabarta ba shi ba. Shi dai ya ɗauki shinge a matsayin rabonsa. Duk sanda Alhaji ya kai ƙarshen shafi sai Bitrus ya ce, "Shugaba, a rage saboda gobe," a yi dariya, Alhaji ya juya shafi ya ci gaba.

A Gashuwa muka karya da kifi da shayi. Tsakanin Gashuwa da Nguru taya ta fashe, direba ya duba ya duba ya ce ai jak ɗinsa yana wurin ƙaninsa. Da shebur ɗinmu muka haƙe ƙarƙashin tayar bayan mun tokare motar da itace, aikin gayyarmu na farko ke nan, kuma babu wanda ya tuna da ɗaukar hoto. Zafi kuwa ba a magana, ruwan jarka ya koma kamar an dafa.

Bayan Machina muka isa iyaka. Ta ɓangarenmu ba a daɗe ba. Ta can kuwa wani jandarma siriri ya zagaya motar, ya ɗaga kai ya kalli shebur, ya ce, "Zinariya za ku haƙa ko rijiya?" Alhaji ya gyara murya ya fara ba shi tarihin ƙungiya tun kafuwarta. Jandarman ya saurara har ya gaji, ya karɓi takardar gayyata ya karanta, ya ce, "Ku tahi lahiya, Alhaji, kada dare ya yi muku a nan." Daga nan kwalta ta ƙare, sai rairayi. Sau biyu motar tana kafewa. Na biyun wani mai amalanke ne ya kwance shanunsa ya ja mu, da muka yi masa godiya ya ce ba komai, ai baƙo na kowa ne.

Gab da magariba muka shiga garin. Shugaban tasu ƙungiyar, Mushe Lawali, malamin makaranta ne, "Mushe" suke kiran malamin boko a can. A wani aji ya sauke mu, an share an shimfiɗa tabarmi, ga randa cike da ruwa mai sanyi. Aka kawo fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, sannan dambun gero da zogale. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne babu kujera ko ɗaya. A wurinmu in an yi baƙi sai an ɗauko rumfa da lasifika da babban tebur na manya. A can shugaba da mai kiwo tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Shayinsu kuma zagaye uku ne a ɗan mitsitsin kofi, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Ni da na kurɓi na farko na yi niyyar miƙewa, Bitrus ya ja min riga.

A wurin shayin nan aka shuka abin da ya same mu. Alhaji ya tambayi Mushe Lawali ƙarfe nawa za a yi jawabai. Mushe ya ce gobe da ƙarfe takwas za a haɗu a maƙabarta, jawabi kuwa sai jibi, in an sami lokaci. Sai wani daga cikin waɗanda suka zo mana bara ya yi dariya ya ce, "Ai mun ga aikinku a Potiskum. Awa guda aiki, awa ukku hoto da lasihika." Wasa yake yi, kowa ya dara, har da mu. Amma na ga fuskar Alhaji ta canja. Da suka tafi ya tara mu ya ce, "Kun ji ko? To gobe ana idar da sallar asuba za mu wuce. Kafin su gama shayin nan nasu mai zagaye uku mun gama aikin." Babu wanda ya musa. Ni kam har daɗi na ji, don ina so in shiga wurin tun babu jama'a in nemi abin da ya kawo ni.

Gari na wayewa muna ƙofar maƙabartar. Tana gabas da gari, an kewaye ta da ƙaya, akwai wani babban gawo a can ƙurya. Ina shiga na fara raba ido ina neman allo. A tamu ta gida ɗan allon ƙarfe ake kafawa a rubuta suna, don haka tun ina yaro, in na tuna an ce an sa alama a kabarin Baba, allo nake gani mai sunansa. Amma a nan ko ɗaya babu. Sai tarkace ko'ina: fasassun tukwane, kwanuka masu tsatsa, gwangwanayen madara, tsohuwar buta, bakin fartanya, har da wilin keke.

Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Ku dubi yadda suka bar makwancin iyayensu kamar juji, amma su ne masu yi wa mutane dariya."

Bitrus yana bakin shinge da adda a hannu. Ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shugaba, tarkacen nan kamar ajiye shi aka yi fa, ba iska ta kawo ba. Duba mana, kowanne a gefe ɗaya yake. Da mun jira masu wurin."

Ba Alhaji ne ya ba shi amsa ba, ni ne. Na ce, "Bitrus, bar mu da maƙabartarmu, kai dai ji da shingenka." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya. Ya juya ya koma kan ƙayarsa.

Wallahi mun yi aiki. Muka cire ciyawa da ƙaya, muka cike ramukan da gara ta ci, muka kwashe tarkacen nan kaf a baro muka tara a bakin ƙofa, tsibi guda. Ni na zaɓi ƙuryar gabas, gindin gawon nan, ina shara ina duba ko wani allo ya faɗi ƙasa ta rufe shi. Duk abin da hannuna ya taɓa sai in wurga a baro ban ko kalla ba. Kafin takwas wuri ya yi fes, muka shimfiɗa ƙyallenmu muka ɗauki hoto.

Muna cikin haka sai ga wani tsoho a kan jaki, da guga da tsintsiya. Shi ne Baba Isufu, mai kula da maƙabartar. Ya sauka ya tsaya a ƙofa, ya kalli ciki, ya kalli tsibin. Muna jira ya yaba. Sai ya durƙusa ya ɗauki butar nan ya kaɗe ta a hankali.

Ya ce, "Wagga ta tsohon liman ce. Wa ya ɗauke ta daga kansa?"

 Daidai lokacin Mushe Lawali ya iso da mutanensa. Ya dubi wurin, ya yi salati a hankali, sannan ya yi mana bayani. Su a garin ba sa rubuta suna. In mutum ya rasu, wani abu nasa ake ɗauka, kwanonsa ko butarsa ko bakin fartanyarsa, a kife a wajen kansa. Da shi kowane gida ke gane nasa. Wato abin da muka tara a ƙofa sunayen mutane ne.

Alhaji Maina ya cire hula ya zauna a ƙasa da shaddarsa. Tunda na san shi ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba sai ranar. Ni kuwa nan take na gane cewa alamar da nake nema ba allo ba ce, kuma tana cikin tsibin nan.

Na ɗauka za a yi mana ca, amma ko murya babu wanda ya ɗaga. Mushe Lawali ya ce, "Baƙo makaho ne ko da idonsa. Laihinmu ne da ba mu gaya muku ba." Ya aika aka yi shela a gari cewa kowane gida ya turo mutum. Kafin hantsi maƙabarta ta cika. Kowa ya zo sai ya tsuguna gaban tsibin ya tona, ya ɗauki nasa, sannan a shiga lissafin maƙwabta: kakanka yana kudu da tawa, tsakaninsu akwai jaririn gidan wane. Tsofaffin mata suna bayan shinge suna kwatance, wata ta ce kwanonta mai ruwan ɗorawa ne, bakinsa ya lotsa. Inda aka yi gardama sai a kira Baba Isufu, ya zo ya taka wurin da ƙafa ya ce nan ne, a yarda. Mu kuma muka koma 'yan ɗauko da miƙo, kanmu a ƙasa. Azahar ta yi aka yi salla aka dawo. Har wani dattijo ya ce da ni rabon da a ambaci sunayen mamatan nan haka tun yana saurayi, amma na san don ya sanyaya min rai ya faɗa.

Wajen la'asar tsibin ya ƙare, saura abubuwa bakwai da babu wanda ya ɗauka. Baba Isufu ya ce, "Waɗanga na baƙi ne, masu rasuwa bisa hanya. Layinsu na can gindin gawo. Ba su da kowa a nan."

Na tsuguna. Akwai gwangwani biyu, da guntun tulu, da ƙarfen linzami, da wasu. A ƙasansu akwai murfin langa, tsatsa ta cinye fentin sai ɗan ragowar fure. Na ɗauka na shafa bakinsa, babban yatsana ya faɗa kan ɗigo uku na ƙusa. Ban san sanda na zauna ba.

Baba Isufu ya ce, "Lahiya, ɗana?"

Na ce, "Baba, wannan na mahaifina ne."

Na gaya masa komai, 'yan ƙungiyarmu suna tsaye suna ji, ranar suka fara sani. Tsohon ya ce ya tuna, wani dogon mutum mai shanu daga Potiskum, a gidan dillali ya yi jinya, shi da kansa yana cikin waɗanda suka haƙa. Ya kama hannuna muka tafi gindin gawon. Ya bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo, ya sake bi. 

Ya ce, "Ko na ukku, ko na huɗu, ko na biyar. Da murhin nake ganewa. Ba ni yi maka ƙarya bisa kabari."

Baƙin cikin da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba. Shekara ashirin da shida murfin nan yana kife a inda aka sa shi, iska ba ta ɗauke ba, awaki ba su ture ba, sai ni ɗansa na zo na wurga shi a baro. Hawaye suka zubo min, ban ɓoye ba.

Baba Isufu ya bar ni na ɗan lafa, sannan ya ce, "Wa ya share nan?"

Na ce, "Ni ne."

"Duka layin?"

"Duka."

Ya ce, "To ka share na ubanka. Da hannunka ka cire mashi ƙaya, ka cike mashi rami. Tsaya nan tsakiya ka yi addu'arka, ta same su su bakwai. Sauran shida nasu ba su zo ba."

Na ciro carbin Inna na tsaya. Da na waiga sai na ga Alhaji Maina da sauran 'yan ƙungiya da mutanen garin sun jeru a bayana. Bitrus yana can bakin shinge, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Da muka shafa na je na ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Habu, bar wannan maganar."

Sauran alamu shida aka jera su a gindin gawon. Na miƙa murfin a haɗa da su, Baba Isufu ya mayar min ya ce, "Wannan ya gama aikinsa, ya jira har ka zo. Kai ma mai shi."

Washegari aka yi walimar a inuwar makaranta. An gasa rago biyu, an yi kokawar wasa, matan garin sun kawo kilishi da ƙuli-ƙuli muka yi guzuri. Da aka ba Alhaji dama ya yi magana, shafi shidan nan bai fito daga aljihu ba. Ya miƙe ya ce mun gode, mun yi kuskure, a yafe mana, ya zauna. Aka tafa masa fiye da yadda aka taɓa tafa masa a gida. Mutumin nan da ya tsokane mu a wurin shayi ya ce, "Na janye maganata. Aiki kam kun iya, tambaya ce ba ku iya ba." Wannan karon Alhaji ne ya fi kowa dariya. Mushe Lawali kuma ya ja ni gefe ya ce daga bana layin baƙi yana wuyan ƙungiyarsu, duk bazara da shi za su fara.

Dawowa ba mu sha wahala ba, sai dai motar shiru, ba kamar zuwa ba. Bayan la'asar muka shigo Potiskum, na tari keke napep zuwa Yerimaram. Na sami Inna a ɗaki tana tsince shinkafa. Na fara ba ta kwanon guzurinta, ta juya shi ta duba ta ajiye. Sannan na kwance tsumma na miƙa mata murfin.

Ta riƙe shi ta daɗe. Na ga yatsanta yana bin bakinsa har ya tsaya. Sai ta jawo langar nan ta gefen gado, ta juye turaren da ke ciki a kan zane, ta ɗora murfin. Tsatsa ta hana shi rufuwa sosai, amma ya zauna. Tun ina yaro nake ganin langar nan a buɗe, ban taɓa tambayar inda murfinta ya tafi ba.

Ta ce, "Ka ga wurin?"

Na ce, "Na gani, Inna. Amma ban san wanne ne nasa ba, kuma ni na ɓatar da alamar." Na ba ta labarin tun daga shayi har zuwa maganar Baba Isufu, ban rage laifina ba. Tana ji, hannunta a kan murfin.

Da na gama ta ce, "Akwai inuwa?"

Na ce, "Akwai. Gawo ne babba, ya rufe layin gaba ɗaya, kuma yanzu da zafin nan ne yake da ganye."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta tura langar ƙarƙashin gado a rufe, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce in je in watsa ruwa, tuwo na nan ta ajiye min.